Tun Ran Gini, Ran Zane

'Ya'yana, ku matso in ba ku labarin wautar da na yi da kuɗina, don kada ku maimaita ta da naku.

Shekara ashirin da ɗoriya ina koyarwa, ina ƙulle abin da ya samu a bakin zane, har Allah ya hore mini fili a nan unguwar Zariya ta Maraɗi. Da na tashi gini ban shawarci kowa ba sai idona. Na ga wani gida a hoton kalanda mai manyan tagogin gilashi, na ce irinsa nake so. Aka jera bulon siminti, aka ɗora kwano, falo ya fuskanci yamma don masu wucewa a titi su ga ƙyallin gilashin. Wani dattijon magini da ke cikin ma'aikatan ya dube ni ya ce, "Malam, wannan tagar fa za ta sha ranar la'asar." Na ce masa ya yi abin da aka sa shi. Bai ƙara magana ba, ya sunkuya ya ci gaba da kwaɓa.

Bazarar farko bayan mun tare, Inna ta zo daga Tsibiri ganin likitan ido. Na sauke ta a ɗakin da ya fi kowane kyau. A dare na uku, wajen ƙarfe goma, wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya. Ta kira ni, ta kama hannuna ta ɗora a bango. Rana ta faɗi tun magariba, amma bangon nan zafi yake fitarwa kamar bayan tanda. Ta ce, "Ɗan nan, ɗaki ka gina ko gidan burodi?" Washegari ta ɗaure kayanta. Na raka ta, muka isa Tsibiri ana kiran azahar. Na shiga ɗakinta na ƙasa, wanda mahaifina ya gina, bango mai kaurin kamu guda, rufin azara, 'yar taga ɗaya can sama. Kafin in gama shan ruwan randa gumin jikina ya bushe. Ba waya ko ɗaya a ɗakin nan. Na zauna a bakin gadonta ina jin kunyar kaina.

Tun daga ranar na shiga bin diddigin wannan al'amari, har na ci karo da labarin wata 'yar ƙasar nan da ta mai da shi aikin rayuwarta. Sunanta Mariam Issoufou, wadda da yawa suka sani da Mariam Kamara. An haife ta a 1979, ta tashi a Nijar, kuma tun tana ƙarama ta san gine-ginen ƙasa na tsohon garin Agadas, inda hasumiyar masallaci ta laka ke tsaye shekaru ɗaruruwa. Da ta tafi karatu Amurka ba zanen gine-gine ta fara ba. Kwamfuta ta karanta, a jami'ar Purdue sannan a jami'ar New York, ta yi shekaru tana aiki a wannan fanni, ana biyan ta da kyau. Da yawanmu nan za mu tsaya mu ce alhamdu lillahi. Ita kuwa ta ajiye aikin, ta koma aji a jami'ar Washington, ta fito da digirin zanen gine-gine a 2013, lokacin ta haura talatin. A 2014 ta buɗe ofishinta a Yamai, ta raɗa masa suna da Hausa: Masomi.

Ku lura da wannan tukuna, ku da kuke ganin in mutum ya kai ashirin da biyar bai kama hanya ba shi ke nan ta ƙare. Ba a makara da neman abin da zuciya ta natsu da shi. Ku kuma 'yan mata da ake ce wa gini aikin maza ne, ga wadda ta tsaya a gaban magina da injiniyoyi, ta nuna inda za a ja igiya, aka ja.

Aikinta na farko da ya yi suna shi ne gidajen da ake kira Niamey 2000, waɗanda aka gama a 2016. Ita da abokan aikinta uku, cikinsu har da 'yar Iran Yasaman Esmaili, suka zana gidaje shida masu bene a fili guda. Matsalar da suka tunkara ku ma kun san ta a Maraɗi: gari yana ta faɗi, fili yana tsada, mai ƙaramin albashi sai ya tafi bayan gari inda ba famfo ba wuta. Maimakon su kwaikwayi unguwannin Turai, sai suka waiwayi tsoffin birane irin su Kano da Damagaram da Tumbutu, inda gidaje ke manne da juna, kowane bango yana yi wa maƙwabcinsa inuwa, kowane gida kuma yana da tsakar gidansa da asirinsa a rufe. Bulon da suka yi aiki da shi na jar ƙasa ne da aka sa wa siminti kaɗan, aka matse a inji, aka bar shi ya bushe ba tare da an gasa ba. A 2022 aikin ya shiga jerin waɗanda aka tantace don lambar yabo ta Aga Khan, wadda ake ba fitattun gine-gine a ƙasashen Musulmi.

Amma wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne na Dandaji, wani ƙauyen Hausawa a jihar Tawa. Tsohon masallacin Juma'ar garin, na ƙasa, ya tsufa ya kuma yi wa jama'a kaɗan, har ana batun rushe shi. Mariam da Yasaman suka kawo wata shawara: a gyara tsohon ya zama ɗakin karatu, a gina sabon masallaci kusa da shi mai ɗaukar mutum 1,000. Aka kira wurin Hikma, don tunawa da Baitul Hikma na Bagadaza. Da ƙasar yankin aka buga bulon, maginan yankin suka yi aikin, tsoffin da suka san ginin farko aka gayyato su. An gama a 2018, bayan aikin ya ci lambar zinariya ta gidauniyar LafargeHolcim ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017. A garin kuma ta zana kasuwa, rumfunan bulon ƙasa kewaye da wata tsohuwar bishiya da ake cin kasuwa a gindinta tun da, da faya-fayan ƙarfe masu launi a sama, wani ya ɗara wani tsawo, suna ba da inuwa iska kuma tana ratsawa. Daga nan duniya ta san da ita. A 2022 ta zama farfesa a babbar jami'ar fasaha ta Zurich a Suwizalan, kuma ita aka ba zanen cibiyar tsohuwar shugabar Laberiya Ellen Johnson Sirleaf a Monrobiya.

To, daga ina wannan ilmi ya fito? Kada ku ce duk daga Amurka ta ɗebo shi. A jihar Tawar nan akwai garin Yama, inda wani manomi kuma magini, Alhaji Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'a da laka a 1962. Ya yi ta ƙara masa kyau, ya yi masa rufin baka da ƙubba da hasumiyoyi huɗu, har zuwa 1982. A 1986 masallacin ya ci lambar Aga Khan. Kafin shi kuma, a ɗaya Zariyar, ta Zazzau, akwai Babban Gwani da ya gina masallacin Juma'ar birnin tun ƙarni na 19, wanda bakan gizonsa har yau masana ke zuwa kallo. Waɗannan mutane ba su riƙe takardar jami'a ba, amma sun san ƙasa kamar yadda mai tuwo ta san garinta. Abin da Mariam ta yi shi ne ta je ta koyo lissafi da gwaji da zane, ta dawo ta durƙusa gaban wannan gado ta ƙara masa ƙarfi. Ba ta zo ta ce a share a sake sabon lale ba.

Bari in warware muku yadda abin yake aiki, don kada ku ɗauka tsafi ne ko son tsohon zamani. Bango mai kauri na ƙasa yana shan zafin rana a hankali. Kafin zafin ya ratsa shi ya iso ciki an ɗauki sa'o'i da yawa, dare ya yi, gari ya fara sanyi, sai a buɗe ƙofa da taga iska ta kwashe shi. Bulon siminti mai rami kuwa siriri ne, zafi yana keta shi da wuri. Kwano ya fi kowa laifi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, rana tana bi ta tsakar ka sosai, rufi ne ke ɗaukar mafi yawan dukanta. Kwano yana gasuwa nan da nan, ya riƙa feso zafin a kan wanda ke ƙarƙashinsa. Shi ya sa Francis Kéré, ɗan Burkina Faso da ya ci babbar lambar Pritzker a 2022, da ya gina makaranta a ƙauyensu Gando a 2001 ya ɗaga kwanon sama, ya bar sarari tsakaninsa da rufin ƙasa na ajin, iska tana wucewa ta tsakani. Kwanon ya zama laima, ba murfin tukunya ba.

Sai batun fuska. Rana tana fitowa gabas ta faɗi yamma, saboda haka bangon gabas da na yamma su ne ke shan ta gaba da gaba, na yamma ya fi wahala don lokacin gari ya riga ya gasu. Mai hankali yakan shimfiɗa tsawon gidansa daga gabas zuwa yamma, manyan tagogi su dubi arewa da kudu, inda ɗan baranda ko leɓen rufi ya isa ya kare su. Bangon yamma a bar shi da 'yar taga ko ba taga, a jingina masa ɗakin ajiya ko makewayi, a dasa masa itace. Iska mai zafi sama take hawa, don haka a yi mata ƙananan kafofi kusa da rufi ta fita, a yi wasu ƙasa ta ɗaya gefen mai sanyi ta shigo. Taga ɗaya ba ta jawo iska, sai tana da 'yar'uwa a bangon da ke fuskantarta. Farin fenti ko farar ƙasa a waje yana mai da hasken rana, baƙi da ruwan toka suna haɗiye shi. Duk wannan ba ya ƙara ko dala a kuɗin gini in an yi tunaninsa kafin a haƙa tushe. Bayan an gama kuwa, gyaransa sai an fasa. Tun ran gini, ran zane.

Kada ku raina itace. Wanda ya taɓa fita daga Maraɗi da rana tsaka ya gangara lambunan Jiratawa ya san abin da nake nufi. Kana shiga tsakanin zogale da mangwaro sai ka ji kamar an canza maka gari, alhali ranar ita ce dai, tazarar kuma ba ta taka kara ta karya ba. Inuwa ce da danshin ganye. Amma mu yanzu da mun sayi fili sai mu sare duk abin da ke ciki, mu malale tsakar gida da siminti daga bango zuwa bango, mu ce tsafta. Simintin nan yini yake yana shan rana, ya kwana yana amayar da ita a kan masu shimfiɗa a waje.

Na san abin da ke bakinku. Za ku ce, Baba, ka manta damanar 2024? Ban manta ba. Na ga gidajen ƙasa da suka zube a cikin garin nan, na je ta'aziyya, na kuma ji yadda tsohon masallacin Damagaram mai tarihi ya rushe a farkon Satumba na shekarar. Maraɗi ma kanta ba ambaliyar 1945 ce ta taso ta daga bakin gulbi ta hau tudu ba? Wanda ya ce muku ƙasa ba ta tsoron ruwa ya yaudare ku. Amma ku bincika gidajen da suka faɗi. Da yawa an gina su a hanyar ruwa ko a bakin kududdufi. Wasu ba su da tushe, bango ya tashi daga kan turɓaya. Wasu an yi shekaru ba a yi musu yaɓe ba, indararo ya toshe ruwa ya kwanta a kan soro. Iyayenmu sun san hadari daga gabas yake tasowa, shi ya sa kafin kowace damana sukan bi bangon gabas da yaɓe, masu hali su shafe shi da makuba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ginin ƙasa yana son abu uku: tushe na dutse ko kankare da ya ɗaga shi sama da ruwa, rufi mai leɓe da ke jefa ruwa nesa da bango, da mai gida da ke zagaya shi yana dubawa. A nan ne siminti ke da amfani, a tushe da inda ruwa ke duka. Ban ce ku yi gaba da siminti ba. Na ce ku san inda za ku sa shi.

Kuma ba kowace ƙasa ke gini ba. Tudun da muke kai jigawa ce, yashi ya yi mata yawa. Ta fadamar gulbi laka ce, in ta bushe sai ta dare. Gwani yakan haɗa su. Ga gwajin da ko yaro zai iya: ka zuba ƙasar a kwalba zuwa rabi, ka cika da ruwa, ka girgiza sosai, ka ajiye ta kwana. Da safe za ka ga tsakuwa da yashi sun kwanta a ƙasa, laka ta hau sama, ka ga rabon kowanne da idonka. Tsohon magini shi ko kwalba ba ya nema. Zai dunƙula ta a hannu, ya murza, ya sake ta ta faɗi, ya gaya maka abin da ta rasa. In kuma kun ce azara ta yi tsada don giginya ta ƙare, gaskiyarku. Amma tun wajen 1980 aka fara koya wa magina a Nijar gini ba itace, rufin ƙubba da na baka da tubalin ƙasa zalla, dabarar da ta samo asali daga Nubiya, wadda Hassan Fathy na Masar ya farfaɗo da ita.

Gaskiyar magana, ba ruwan sama ne ya raba mu da ƙasa ba, kunya ce. Mun sa wa ranmu cewa gidan ƙasa na talaka ne, gidan siminti na wanda ya ci gaba. Saurayi yana tsoron a je ganin ɗakin amarya a ce na laka ne. Ni ma abin da ya kai ni ga gilashin yamma ke nan, so nake a ce malam ya yi gida. Aka kuwa faɗa. Sai dai masu faɗar suna wucewa gidajensu, ni nake kwana a ciki, ni nake biyan takardar wuta duk wata.

Kun kuma ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, a lokacin da mafi yawan wutar ƙasar nan daga can take zuwa. Watanni aka yi ana karɓa-karɓa. Gidajen da ba sa zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki suka zama kurkuku, mai injin wuta ya koma bautar man fetur. Gidan da ransa ke rataye da waya, makullinsa yana hannun wani. Wanda ke da sanyin kansa kuwa, faranti ɗaya ko biyu na hasken rana sun ishe shi fitila da fanka da cajin waya. A rage buƙata tukuna, sannan a nemi abin biyanta.

Saboda haka ga nasihata. Ku da kuke karatun gini, a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankolodo ko a wani wuri, ku riƙe lissafinku da kyau, don ƙauna ba ta riƙe rufi. Amma in an yi hutu ku nemi tsohon magini a Bagalam ko Mokoyo ko Tsibiri, ku gaishe shi da ladabi, ku ɗaukar masa kwarya, ku tambaye shi me ya sa yake yin abin da yake yi. Ku rubuta, ku auna, ku ɗauki hoto. Waɗannan dattawa suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kuma ba su bar littafi ba. Ku da za ku ba da aikin gini, kada ku kai wa mai zane hoton gidan Dubai ku ce a kwafa. Ku gaya masa yadda kuke zama: ina mata ke girki, ina baƙo ke tsayawa, ina ake shimfiɗa da bazara, ina tsohuwa za ta sa randarta. Ku kuma da ba ku da ko taku ɗaya na fili, ku dasa itace a gidan da kuke haya. Wani zai sha inuwar, ku kuma ku sami ladar.

Ni dai daga baya na aika aka nemo mini dattijon nan. Na yi tsammanin zai tuna mini maganarsa, amma ko kusa. Ya zo da la'asar, ya zagaya gidan, ya tsaya a bangon yamma ya dubi inda inuwarsa ta faɗi, ya auna taku huɗu, ya caka sandarsa a ƙasa a wuri biyu ya ce a dasa bedi. Ya sa aka toshe rabin gilashin, aka kafa rumfar zana a gabansa, aka yi rufin ciki, aka huda kafofi a ƙarƙashin kwano. Kuɗin da na kashe a gyaran da ya ishe ni ƙara ɗaki guda. Gidan ya yi dama, ko da yake har yau bai kamo ɗakin Inna ba.

Ranar da Allah ya ba ɗayanku fili, kada ya fara kiran mai bulo. Ya bari sai bazara, ya je wurin shi kaɗai da la'asar sakaliya, ya tsaya a tsakiya ba hula ba laima. Ya ga ta ina rana ke dukansa, ta ina iska ke zuwa, ina ruwa zai bi in an yi shi, wace bishiya ce bai kamata a taɓa ba. In ya gama, ya nemo dattijo ya maimaita tsayuwar tare da shi, kuma in dattijon ya yi magana, ya saurara.